Hannu ɗaya a kan igiyar teku: Yadda Bethany Hamilton ta tashi bayan kifin shak ya cire mata hannu

Ranar Juma'a 31 ga watan Oktoban 2003, da misalin ƙarfe 7 da rabi na safe, wani kifin shak mai tsawon sama da mita 4 ya cizge hannun hagu na wata yarinya ƴar shekara 13 a gaɓar tsibirin Kauai da ke jihar Hawai ta ƙasar Amurka. Kafin a isa da ita asibiti ta zubar da fiye da kashi 60 cikin 100 na jinin jikinta. Kwana 26 bayan haka ta sake shiga tekun da allonta. Shekara biyu ba su cika ba ta zama zakarar ƙasa a rukuninta, inda ta kayar da ƴan mata masu hannu biyu.

Sunanta Bethany Hamilton. An rubuta littafi a kanta, an yi fim, kuma yawanci ana ba da labarinta a matsayin labarin ƙarfin zuciya kawai. Ƙarfin zuciyar gaskiya ne. Sai dai wanda ya bi labarin daki-daki zai tarar da wasu hannaye a kowane mataki: wanda ya tsayar da jini, waɗanda suka yi tiyata, wanda ya zo ya gaya mata cewa shi ma ya bi ta wannan hanya, da uban da ya zauna ya gyara mata allo a maimakon ya hana ta fita.

Ƴar teku tun tana ƙarama

An haifi Bethany ranar 8 ga Fabrairun 1990 a garin Lihue na tsibirin Kauai, a tsakiyar tekun Fasifik. Iyayenta, Tom da Cheri, dukansu masu wasan hawan igiyar ruwa ne, haka ma yayyenta maza biyu. Ga wanda bai taɓa ganin wasan ba, ga yadda yake: mutum zai kwanta rub-da-ciki a kan wani dogon allo mara nauyi, ya yi ta tuƙa ruwa da hannayensa har ya yi nisa da gaɓa. Idan babbar igiya ta taso sai ya juya, ya tuƙa da sauri har igiyar ta ɗauke shi, ya dafa allon da hannu biyu ya miƙe tsaye cikin ƙiftawar ido, ya riƙa sululu yana karkata dama da hagu a jikin ruwan. Ƴan ci-rani da suka zauna a Dakar sun san shi, domin ana yin sa a gaɓar Ngor. Abin lura shi ne kusan duk aikin hannu ne: tuƙi, miƙewa, da nutsa allon a ƙarƙashin igiyar da ke tunkaro mutum.

Bethany ta shiga gasarta ta farko tana da shekara 8 ta kuma yi nasara. Ba da jimawa ba kamfanin kayan wasan ruwa na Rip Curl ya ɗauki nauyinta. A gida take karatu don ta samu lokacin atisaye, kuma a Hawai ana lissafa ta cikin ƴan matan da za su zama ƙwararru.

A safiyar da abin ya faru ta tafi wani wuri da ake kira Tunnels, a arewacin tsibirin, tare da ƙawarta Alana Blanchard da mahaifin Alana, Holt, da kuma ɗan'uwan Alana. Ruwa ya kwanta, suna jiran igiya. Bethany na kwance a kan allonta, hannunta na hagu yana lilo cikin ruwa. Kifin, wanda ke cikin nau'in da ake yi wa laƙabi da damisa saboda ratsin jikinsa, ya taso daga ƙasa ya kama hannun dab da kafaɗa, ya tafi da shi haɗe da wani ɓangare na allon.

Ta sha bayyana cewa ba ta ji zafi mai tsanani a lokacin ba, ta dai ji an fizge ta, sai ta ga ruwan da ke kewaye da ita ya koma ja. Ba ta yi kururuwa ba. Ta gaya wa abokan tafiyarta cewa shak ya cije ta, ta soma tuƙi da hannun da ya rage.

Mintunan da suka raba rai da mutuwa

Idan babbar jijiyar jini ta hannu ko ta ƙafa ta tsinke, mutum na iya mutuwa cikin ƴan mintuna. Holt Blanchard ya cire rigar ruwan da ke jikinsa ya ɗaure dungun tun suna cikin teku, suka tura ta har gaɓa. A can ya sake ɗaure wurin tamau da igiyar da ƴan wasan ke ɗaura allo da ita a ƙafa. Likitoci sun ce wannan ɗauri na cikin abubuwan da suka sa ta rayu. Daga nan aka sa ta a mota, motar asibiti ta tare su a hanya, aka nufi asibitin Wilcox da ke Lihue, tafiyar kimanin kilomita 60.

A daidai wannan lokaci mahaifinta yana kwance a ɗakin tiyata na asibitin, ana shirin yi masa aiki a gwiwa. Sai aka shigo aka ce a fitar da shi, ana buƙatar ɗakin, ga wata yarinya ƴar shekara 13 da shak ya ciza. Tom ya san cewa ɗaya ce cikin biyu: ko ƴarsa, ko ƙawarta. A kan gadon da aka ɗauke shi aka kwantar da Bethany.

An wanke raunin, aka ƙara mata jini, bayan ƴan kwanaki aka sake yin wata tiyatar don rufe wurin da fata. Ta yi kimanin mako guda a asibiti. Daga baya masunta sun kama wani ƙaton shak a kusa da wurin, kuma da aka gwada haƙoransa da gurbin cizon da ke jikin allon sai suka yi daidai.

Baƙon da ya zo da ƙafar roba

Cikin waɗanda suka je duba ta har da wani matashi ɗan tsibirin mai suna Mike Coots. Shi ma shak ya cire masa ƙafar dama a 1997 yana da shekara 18, kuma ya koma hawan igiya da ƙafar roba. Bethany ta ce ganinsa ne ya fara sa mata tunanin cewa komawa ruwa abu ne mai yiwuwa. Dangi da maƙwabta na iya yi wa mara lafiya sannu, su yi masa addu'a, su ba shi haƙuri. Amma tambayar da ke cin zuciyar wanda aka yanke wa gaɓa, wato yadda rayuwa za ta kasance gobe, wanda ya riga shi shiga halin ne ya fi iya amsa ta.

Da ta koma gida sai ta tarar kusan komai sabo ne. Ɗaure gashi, sa maɓallin riga, ɗaure igiyar takalmi, ɓare lemo, yanka burodi, duk ayyuka ne na hannu biyu da ba wanda ke lura da su sai ya rasa ɗaya. Ta koyi riƙe abu da ƙafafu ko tsakanin cinyoyi, ta koyi neman taimako a inda ya zama dole. An yi mata hannun roba mai kama da na gaske, amma da yake dungun gajere ne ƙwarai, hannun bai iya yi mata wani aiki ba sai ado. Ta ajiye shi, ta ci gaba da fita yadda take, da riga mara hannu, a gaban jama'a da kyamarori. Ga budurwa mai tasowa, a shekarun da kowa ke damuwa da yadda ake kallonsa, wannan ba ƙaramin hukunci ba ne.

Bethany Kirista ce mai riƙo da addininta, kuma a duk hirar da aka yi da ita tana danganta natsuwar da ta samu da imaninta ga Allah da kuma goyon bayan iyali da jama'ar cocinsu. Mutanen Kauai sun yi karo-karo don taimaka wa iyalin da kuɗin magani.

Komawa ruwa

Ranar 26 ga Nuwamban 2003, bayan an cire zaren ɗinki kuma likita ya ba da izini, ta ɗauki wani dogon allo ta shiga teku. Ta faɗi a gwaje-gwajen farko, sannan ta miƙe a kan wata ƙaramar igiya ta bi ta har gaɓa.

Miƙewa sau ɗaya daban, shiga gasa daban. Dole ta sake koyon wasan tun daga tushe. Mai tuƙi da hannu ɗaya allonsa karkata yake yi gefe guda, don haka ta koyi bugun ruwa da ƙafafu da ƙarfi don cike giɓin. A maimakon dafa gefen allo biyu lokacin miƙewa, ta koma dafa tsakiyarsa da tafin hannu ɗaya. Da farko ta yi amfani da allo mai tsawo da kauri wanda ya fi saurin tafiya a ruwa, daga baya ta koma gajeren allon gasa. Tunda ba za ta iya tseren tuƙi da sauran ba, ta koyi karanta teku: ta san inda igiya za ta karye, ta je ta jira ta a can.

Matsala mafi girma ita ce nutsewa ƙarƙashin igiyar da ke tahowa, domin wannan sai an danna allo cikin ruwa da hannu biyu. Mahaifinta ya liƙa wani mariƙi a saman allon, wajen tsakiya, yadda za ta kama da hannu ɗaya ta danna. Wannan ɗan ƙaramin gyara ne ya buɗe mata ƙofar manyan igiyoyi.

Ranar 10 ga Janairun 2004, wata biyu da kwana goma bayan harin, ta shiga gasa a Kona ta zo ta biyar. Masu shirya gasar sun yi tayin sassauta mata wasu ƙa'idoji, ta ƙi, ta nemi a yi mata yadda ake yi wa kowa. A shekarar ta karɓi kyautar ESPY ta ɗan wasan da ya fi kowa farfaɗowa, kuma aka wallafa littafin tarihinta mai suna Soul Surfer. A 2005 ta ci gasar ƙasa ta ƙungiyar NSSA a rukuninta a jihar Kalifoniya. A shekarar kuma ta je ƙasar Tailan tare da ƙungiyar agaji ta World Vision bayan ambaliyar tsunami ta Disamban 2004, inda ta taimaka wa yaran da suka tsorata da teku su sake taka ruwa.

A Janairun 2009 ta zo ta biyu a gasar matasa ta duniya a Ostireliya. A 2011 aka fitar da fim ɗin Soul Surfer, inda AnnaSophia Robb ta fito a matsayinta, amma wuraren da ake hawan igiya da hannu ɗaya Bethany ce da kanta ta hau. Ta auri Adam Dirks a 2013, ta ci gasar mata a Pipeline a 2014, ta haifi ɗanta na fari a watan Yunin 2015. Watanni kaɗan bayan haihuwar ta hau igiyar Pe'ahi ta tsibirin Maui, wadda ke cikin mafi girma da haɗari a duniya.

Sakamakon da ya fi girgiza masu bin wasan ya zo a 2016 a ƙasar Fiji. An gayyace ta gasar ƙwararru ta duniya a matsayin baƙuwa, sai ta fitar da Tyler Wright, wadda ke kan gaba a duniya a lokacin, ta kuma sha gaban Stephanie Gilmore, wadda ta riga ta ci kambun duniya sau 6. Ta ƙare a matsayi na uku. A wannan shekarar aka sa sunanta cikin masu takarar kyautar ESPY ta ƴan wasa mata masu nakasa, ta janye sunan. Ta bayyana cewa tana girmama sauran ƴan takarar, amma ita tana kallon kanta a matsayin wadda ta sauya dabara ta dace da halin da ta samu kanta, kuma da masu hannu biyu take karawa.

Abin da labarin bai kamata ya ɓoye ba

Akwai haɗari a irin waɗannan labarai. Mai karatu na iya ɗauka cewa duk wanda ya rasa hannu ko ƙafa bai zama zakara ba, to ragonci ne ya hana shi. Ba haka ba ne. Yawancin waɗanda aka yanke wa gaɓa suna fama da ciwon da likitoci suka daɗe da sani, inda mutum ke jin zafi ko ƙaiƙayi a gaɓar da babu ita. Da yawa suna shiga baƙin ciki mai tsanani, wasu na mafarkin abin da ya same su shekara da shekaru. Matashin da ke girma kuma, ƙafar roba ko hannun roba da aka yi masa bana zai yi masa kaɗan nan da ɗan lokaci, sai an sake wani.

Bethany ta samu abubuwan da mafi yawan mutanen duniya ba su da su. Akwai babba a kusa da ita wanda ya san yadda ake tsayar da jini. Akwai mota, da hanya, da asibiti mai likitan tiyata da jini a ajiye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cikin mutum 10 da ke buƙatar kayan tallafi irin su ƙafar roba, mutum ɗaya ne kawai ke samu. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Bethany ta nuna cewa hannu ɗaya na iya ɗaukar kofin gasa, amma jinkar da ta rufe ta hannaye da yawa ne suka ɗaga.

A Sahel, maciji ne shak

Cizon shak abu ne da ba kasafai yake faruwa ba duk da yawan labarinsa. Cibiyar da ke tattara alƙaluman a jami'ar Florida ta nuna cewa hare-haren da kifin ke kaiwa ba tare da an tsokane shi ba ba su kai 100 a shekara a duniya baki ɗaya. Adadi mafi yawa da aka taɓa samu shi ne 98 a 2015, kuma waɗanda ke mutuwa ƴan ƙalilan ne.

Dabbar da ta fi raba matasa da gaɓoɓinsu tana cikin gonaki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce saran maciji na kashe mutum tsakanin 81,000 da 138,000 a kowace shekara, kuma waɗanda ake yanke wa gaɓa ko suke samun nakasa ta dindindin sun ninka wannan adadi kusan sau uku. A 2017 hukumar ta sa saran maciji cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi sakaci da su, a 2019 kuma ta fitar da shirin rage mace-mace da nakasa da rabi kafin 2030. A kudancin Nijar da arewacin Najeriya kububuwa, wadda ake yi wa kirari da gobe da nisa, na cikin macizan da suka fi yin ɓarna, musamman lokacin noma da girbi, kuma manoma da makiyaya da yara masu zuwa itace ne ke kan gaba. A garin Kaltungo na jihar Gombe akwai asibiti na musamman don masu saran maciji. A bakin kogin Isa kuma masunta da masu jiragen ruwa sun san haɗarin dorina.

A nan akwai bambancin da ya kamata kowa ya riƙe, domin ɗaurin da ya ceci Bethany shi ne zai iya jawo wa wanda maciji ya sara asarar ƙafa. Idan rauni ne mai tsartuwar jini, kamar na haɗarin babur ko cizon babbar dabba, a danne wurin da ƙarfi da tsumma mai tsabta. Idan jinin ya ƙi tsayawa a hannu ko ƙafa, a ɗaure tamau a sama da raunin da ƙyalle mai faɗi, a riƙe lokacin da aka ɗaure, kada a kwance sai a gaban likita. Idan kuwa saran maciji ne, kada a ɗaure tamau, kada a tsaga, kada a tsotsa. A cire zobe ko abin hannu kafin wurin ya kumbura, a hana gaɓar motsi, a ɗauki mutumin a gaggauta zuwa asibiti inda ake da allurar kashe dafi. Ɗauri mai tsanani na hana jini gudu har naman ya mutu, kuma kwanakin da ake ɓatawa a gida kafin a je asibiti su ne sau da yawa ke kaiwa ga yankewa.

Bayan an sallamo shi daga asibiti

Tambaya ta biyu tana zuwa ne bayan rauni ya warke. A biranen yankin, daga Yamai zuwa Maradi da Damagaram, ba baƙon abu ba ne a ga matashi mai dungu a bakin danja yana miƙa hannun da ya rage. Wasu talauci ne ya tura su, wasu kuma tun a gida aka yanke musu hukunci cewa makaranta ta ƙare, sana'a ta ƙare, aure ma sai dai a yi shiru. A gefe guda akwai masu nakasa da ke ɗinki, da walda, da gyaran salula, da koyarwa, da aikin ofis, kuma ƙungiyoyinsu sun daɗe suna nanata cewa nakasa ba kasawa ba ce. Abin da ke raba waɗannan da waɗancan sau da yawa ɗan ƙaramin abu ne irin mariƙin da Tom Hamilton ya liƙa a allon ƴarsa: keken ɗinki da aka sauya wa mataki, malamin da ya bar wa yaro kujerarsa a aji har ya warke, maigidan da ya yarda ya gwada shi a shago, ɗan'uwa a ƙasar waje da ya aiko da kuɗin ƙafar roba da na sauya ta idan yaron ya girma.

Bethany da iyalinta sun kafa gidauniya mai suna Friends of Bethany don tallafa wa waɗanda suka rasa gaɓa. Cikin ayyukanta akwai wani taro mai suna Beautifully Flawed, inda ake haɗa ƴan mata da suka rasa hannu ko ƙafa, ko aka haife su a haka, su kwana tare na ƴan kwanaki. Suna motsa jiki, suna koyon dabarun girki da sa tufafi daga junansu, suna magana kan kunya da kallon mutane, sannan a kai su bakin teku a ɗora su a kan allo. Da yawansu a nan suke fara haɗuwa da wata mai irin jikinsu. Aikin da Mike Coots ya yi mata a gefen gadon asibiti a 2003 shi take yi wa wasu yanzu, kuma aiki ne da ba ya buƙatar teku ko gidauniya: duk unguwar da aka kwantar da yaro aka yanke masa gaɓa, akwai wani a garin da ya riga shi, wanda za a iya nemowa ya zo ya zauna da shi.